Hanyar Ruwa da Haƙƙin Maƙwabci

Kowa ya san ruwan sama rahama ne. In damina ta yi jinkiri a ƙasar Katsina, manomi da ɗan kasuwa da malami duk hankalinsu ba ya kwanciya, har a kan fita bayan gari roƙon ruwa. Amma akwai wata tambaya wadda ba kasafai mu kan yi wa kanmu ba. Sa'ad da ruwan nan ya sauka bisa rufin gidan mutum, ya bi indararo ya zuba ƙasa, ya kwashi abin da ya tarar a tsakar gida ya fita da shi waje, to, na wane ne? In kuma ya yi ɓarna a gaba, wa za a tambaya?

Ni Bakatsine ne, cikin birni aka haife ni, nan kuma na ke zaune. Amma neman abinci ya zaunar da ni Kano shekaru da dama, ina kuma da dangi a Maraɗi waɗanda na kan ziyarta. Daga Katsina zuwa Kano kamar kilomita 170 ne, zuwa Maraɗi kuwa kamar 90. Harshenmu ɗaya, al'adunmu ɗaya, sau da yawa ma hadarin da ya taso daga gabas shi ke shayar da mu duka. Duk da haka na lura amsar da a ke ba tambayar nan ta sha bamban daga wannan gari zuwa wancan. Abin da na gani shi na ke so in shimfiɗa muku, domin magana ce wadda ta shafi katangar kowa da rijiyar kowa, wani lokaci ma har da ran 'ya'yanmu.

Yawan Ruwan da Abin da Ya ke Ɗauke da Shi

Bari mu soma da ɗan lissafi. Masu auna ruwan sama da milimita su ke aunawa. In an ce an yi ruwa milimita 1, ma'ana kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 ya sami lita 1. To, a ce rufin gidanka mita 10 ne tsawonsa, faɗinsa kuma mita 10. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare guda, irin wanda a kan yi cikin marka a watan Agusta, rufin nan kaɗai zai zubo da lita 5,000. Watau duro 25 ke nan, irin mai cin lita 200. Birnin Katsina kuwa ya kan sami milimita 600 zuwa 700 a shekara, yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba. Ko da 600 ɗin muka ɗauka, rufin nan zai zubo da duro 300 kafin kaka. Wannan fa gida guda ne. Sai mai karatu ya auna gidajen unguwarsu, sa'an nan ya auna na birni duka.

A zamanin iyayenmu yawancin ruwan nan ba ya nisa. Tsakar gida ƙasa ce, ta kan sha rabonta. Cikin ganuwa akwai gonaki da filaye. Akwai kuma kududdufai, watau ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, su ne randunan gari. Ba na cewa kududdufi ba shi da aibi. Ya haifi sauro, ya ba yara tsargiya, ya ci rayukan waɗanda suka shiga ba su iya iyo ba, kurkunu kuwa da ya gurgunta manoma a ƙauyuka daga irin wannan kwantaccen ruwa a ke shan shi, sai a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Amma duk da aibinsa, kududdufi ya kan riƙe ruwan dare ɗaya, ya bar ƙasa ta shanye shi sannu a hankali, rijiyoyin unguwa su amfana.

Yau rufi ya zama na kwano, tsakar gida ta zama siminti, hanya ta zama kwalta. Kududdufai da yawa an cike su da shara an yanka fuloti a kansu. Ruwan da ƙasa ta saba sha yanzu gudu ya ke yi, mutanen da kuwa sun ce ruwa ba ya mance hanyarsa.

Bayan yawa akwai ƙazanta. Wata bakwai ko takwas na rani datti yana taruwa, ruwan fari ya zo ya wanke shi duka lokaci guda: juji, da kashin dabbobi, da baƙin mai na gareji, da jinin mayanka, da ruwan marina, da tsofaffin batura, da leda. Akwai kuma masu jiran a kece da ruwa da dare su buɗe masai su sake shi cikin kwata. Daga nan amai da gudawa da zazzaɓin taifot ke samun hanyar shiga rijiya. Saboda haka duk dokar da za ta yi maganin ruwan gari sai ta dubi abu biyu, inda ruwan zai bi da abin da aka ɗora masa.

Dokar Da

Tun kafin zuwan Turawa garuruwanmu suna da ƙa'ida a kan wannan, kowa kuma ya san ta ko da ba a rubuce a ƙofar gari ba. Ruwan sama yana da ikon fita ta wuriya ya bi lungu. Wanda ke gangare ba shi da ikon toshe tsohuwar hanyar ruwa don ya mai da shi gidan na sama. Wanda ke tudu kuma ba shi da ikon kafa sabon indararo ya auna katangar wani. Ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa ba su da wannan 'yanci, mai gida shi zai haƙa musu rami cikin gidansa. Malaman fiƙihun Malikiyya sun bambanta ruwan sama da ruwan ƙazanta, tushen hukuncinsu kuwa shi ne hana cutar da maƙwabci. Har wani magini mutumin Tunis, Ibn al-Rami, ya rubuta littafi a ƙarni na 14 kan hukunce-hukuncen gini, da maganar indararo da magudana a ciki.

Ina yaro na ga yadda a ke zartar da wannan a unguwarmu. Wani ya ta da sabon soro, indararonsa ya riƙa zuba a gindin katangar maƙwabcinsa har ta soma zaizayewa. Mai unguwa ya zo da wani tsohon magini. Ba a yi dogon surutu ba. Maginin ya sa yaro ya hau soron da tulu biyu ya tuttule, jama'a na tsaye suna kallon inda ruwa ya faɗi. Sai mai unguwa ya dubi mai soron ya ce, "Malam, ka dai gani da idonka. A juya shi lungu kafin Jumma'a." Shi kuwa ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama." Da ya ƙi, da alƙali ne zai ji maganar.

Wannan al'ada kusan ɗaya ce a Katsina da Kano da Maraɗi. Inda hanya ta rabu shi ne zuwan Turawa. Tsakanin 1898 da 1906 Ingila da Faransa suka yi ta yarjejeniya kan iyaka, Katsina da Kano suka faɗa rabon Ingilishi, Maraɗi ta faɗa rabon Faransawa. Ingilishi suka bar aikin gari a hannun sarakuna da En'e, suka ƙara musu dubagari, aka buɗe makarantar koyon aikin tsabta a Kano a 1932. Tsofaffi har yau suna tuna yadda mata kan yi ta kai da kawowa in an ce ga dubagari nan, don zai leƙa randa ya nemi tsutsotsin sauro, ya duba masai da kwata, wanda ya kama kuwa sai tara. A 1976 aka soke tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi, ikon da ke wuri ɗaya ya rarrabu.

Katsina

Ran 23 ga Satumba 1987 Katsina ta zama babban birnin jiha. Daga nan gari ya tsallake ganuwa ya bazu ta kowace ƙofa, har unguwannin bayan gari da yawa suka shiga ƙasar ƙaramar hukumar Batagarawa. Mutum na iya kwana a ƙaramar hukuma ɗaya, ruwan rufinsa ya kwana a wata.

A Nijeriya hukuma hawa uku ce, kowane hawa kuma yana da hannu cikin maganar ruwa. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina magudanan ruwa da gyaransu da kwashe shara. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, don haka jiha ke ba da fili, tana kuma da hukumar tsara birane mai ba da izinin gini, da hukumar kiyaye muhalli wadda Katsinawa suka fi sani da SEPA. Gwamnatin tarayya kuwa ta farka ne a 1988, sa'ad da aka gano an jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko, can kudu. Cikin shekarar aka kafa hukumar kiyaye muhalli ta ƙasa. A 2007 aka kafa NESREA, ta fitar da ƙa'idodin tsabta da shara a 2009, da na kiyaye ruwan sarari da na ƙarƙashin ƙasa, da na zaizayar ƙasa da ambaliya a 2011.

Kun ga ke nan ba ƙarancin doka ke damunmu ba. Abin lura shi ne kwata guda ta kan taso daga lungu, wanda ke hannun ƙaramar hukuma, ta faɗa lambatun titin jiha, ta bi ta ƙarƙashin kwalbatin hanyar tarayya. Iyayen gidanta uku, alhali ruwan cikinta ɗaya. In aka yashe sama aka bar ƙasa a toshe, wahalar banza aka yi.

Ruwan birni ta rafuka biyu ya ke fita, Ginzo da Tille. Wanda ya bi bakin Ginzo ta wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri zai ga lambuna shar, ga latas ga kabeji ga alayyafo. Da rani kuwa, sa'ad da babu ruwan sama, abin da ke gudana cikin rafin shi ne abin da gidajenmu suka sako. Masu lambun ba su yi laifi ba, sana'arsu su ke yi da ruwan da suka samu. Mu ne muka aika musu da shi, su kuma su komo mana da shi kasuwa cikin kwando. Na daɗe ina tunanin wannan duk sa'ad da na ga an zuba baƙin mai cikin kwata.

Kano

Ciwon Kano ya fi namu girma, maganinta kuma ya fi namu ɗaci. Ruwan samanta ya fi na Katsina, jama'arta sun ninka namu, birnin kuma ya haɗa ƙananan hukumomi 8. Bayan wannan tana da abin da ba mu da irinsa, watau unguwannin masana'antu a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Majemun zamani suna jima da wani sinadari mai suna kuromiyam, masaƙu kuma suna da ruwan rini. Rafin Getsi ya kan kwaso na Bompai ya haɗu da kogin Jakara, su tafi dam ɗin Wasai. Rafin Salanta ya kan kwashi na Sharaɗa ya kai kogin Challawa, inda birni ke ɗiban ruwan sha. Cikin ƙa'idodin tarayya na 2009 akwai waɗanda aka yi musamman domin masaƙu da majemu, sun wajabta wa masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi. Ƙa'idar ta hau kan Katsina kamar yadda ta hau kan Kano, amma a Kano ta ke da aiki sosai.

A 2003 Kano ta kafa hukuma ta musamman domin kwashe shara da tsabtar gari, wadda a ke kira REMASAB. Abin da ya fi ba baƙo mamaki kuwa shi ne Asabar ɗin ƙarshen wata. Asalin wannan daga shirin yaƙi da rashin ɗa'a ne na mulkin soja, a Kano ma aka ƙaddamar da sashensa na tsabta a watan Yuli 1985. Zamana a can na ga yadda a ke hana zirga-zirga da safe har ƙarfe 10, kowa ya fito da shebur da manjagara, kotun tafi-da-gidanka kuma na zaune bakin titi tana cin tarar wanda ya karya doka. Direban da ya taso daga wani gari bai san da wannan ba, sai ya tsinci kansa gaban alƙali tun bai karya kumallo ba.

Tsarin yana da amfani, don ya sa wa aikin rana, abin da aka sa wa rana kuwa ba ya shiririta. Amma na ga rauninsa. Sau da yawa a kan yashe kwata a tara laka da leda a bakinta, in mota ba ta zo ta kwashe ba, ruwan farko ya mai da su inda suka fito. Daga 2013 kuma aka soma rufe kogin Jakara da kankare a cikin birni, domin a shimfiɗa titi a kansa, wanda a ke kira Wuju-Wuju. Rufewa ta kan rage wari, ta kuma hana zuba shara a inda aka rufe, amma abin da ya riga ya shiga ruwan yana nan, mutanen da ke gangare su za su karɓe shi.

Maraɗi

Maraɗi 'yar'uwarmu ce ta jini. Sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa mulki a can bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, har yau kuma Sarkin Katsina a ke kiran sarkinta. Tsohon garin cikin kwarin gulbi ya ke. A 1945 gulbi ya yi ambaliya ya rushe shi, sai Faransawa suka ta da garin suka mai da shi kan tudu, suka ja tituna masu faɗi a miƙe, suna gicciye juna kamar zanen dara. Watau ruwa ne da kansa ya sa aka tsara Maraɗi tun kafin a gina ta. Katsina da Kano kuwa lungunansu sun girmi kowane ofishin safiyo.

Nijar ba tarayya ba ce, saboda haka dokarta daga Yamai ta ke fitowa, ta hau kan kowane gari daidai wa daida. A 1993 aka yi dokar tsabtar jama'a wadda ta hana zuba shara da ruwan ƙazanta a kan titi. A 1998 aka yi babbar dokar muhalli. A 2010 aka yi dokar ruwa, wadda ta ce wanda ya ɓata ruwa shi zai biya. Aikin yashe magudana da kwashe shara na ma'aikatar magajin gari ne, tare da ma'aikatan tsabta. Mutumin Maraɗi ya fi mu sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Waɗansu titunansu kuma an shimfiɗa musu tubalan siminti, domin ruwa ya bi ta kansu ya wuce ba tare da ya ci ƙasa ba.

A watan Nuwamba 2014 Nijar ta yi dokar hana ƙera leda marar kauri da shigo da ita da sayar da ita. A Nijeriya kuwa kowace jiha da nata, ga misali Legas ta hana farantan soso na zuba abinci a watan Janairu 2024. Wata rana muna tafe a kasuwar Maraɗi na ga baƙar leda ta lulluɓe ƙaya kamar jemagu, sai na tsokani taubashina na ce, "Kai Alhaji, ashe ledarku ba ta iya karatu ba, ba ta ji an hana ta ba?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai baƙuwa ce. Tambaye ta garinsu, za ta ce maka ta Jibiya ta biyo." Wasa mu ke yi, amma maganarsa ta zauna mini. Abin da aka hana a gari ɗaya, in ana sayar da shi da araha a garin da ke kusa, hanin ba ya nisa.

Kada kuma a zaci tsarin tituna ya raba Maraɗi da wahala. Ruwan da ke gangarowa daga tudu zuwa gulbi ya kan tsaga kwazazzabai ya ci gidaje. A ƙarshen Agusta 2024 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka auna milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasu. In muka koma ga lissafinmu na baya, rufi guda ya zubo da duro 75 ke nan kafin a gama dafa tuwo.

Inda Iyaka Ba Ta da Iko

Kogunan arewacin ƙasar Katsina arewa su ke yi. Kogin Gada ya bi ta Jibiya, inda aka yi masa dam, ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya wuce Madarunfa da Maraɗi da Tibiri, sa'an nan ya karkato ya komo Nijeriya ya faɗa kogin Rima a ƙasar Sakkwato. Kogin Tagwai, wanda aka tare a Ajiwa domin ruwan shan birnin Katsina, shi ma Nijar ya ke shiga. A tsakiyar watan Yuli 2018 ruwa ya sauka a Jibiya da dare, ya rushe ɗaruruwan gidaje, fiye da mutum 40 suka rasu, waɗansu gawarwakin sai a ƙasar Nijar aka tsince su. Allah ya jiƙansu. Ba wanda ya tsai da ruwan nan a iyaka ya tambaye shi takarda.

Hukumomin ƙasashen biyu sun san da haka. Tun 1971 suka kafa hukumar haɗin gwiwa tsakaninsu, ran 18 ga Yuli 1990 kuma suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci, da Gada da Tagwai a ciki. Wannan ita ce dai tsohuwar shari'ar indararo, sai dai maƙwabtan sun zama ƙasashe.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Landan sai da kwalara ta yi ta kisa a 1854, kogin Temis kuma ya yi warin da ya dami 'yan majalisa a 1858, kafin aka gina manyan magudanai. A Amurka an yi dokar tsabtar ruwa a 1972, aka gyara ta a 1987 domin ta haɗa da ruwan da ke malala daga tituna. Can ma birane biyu maƙwabta kowanne ya kan rubuta nasa ƙa'idodin, amma akwai ma'auni na ƙasa wanda ba a yarda wani ya gaza shi ba.

Abin da Na ke Gani

A ganina bambancin doka ba aibi ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, ba kuwa daidai ba ne a ɗaura wa Katsina maganin ciwon majemun Kano. Aibin yana wurin da dokar wannan ta ƙare, ta wancan ba ta soma ba, ko tsakanin ofis da ofis, ko tsakanin gari da gari. Nan ruwa ke tsayawa, nan kuma talaka ke gini, don nan fili ya fi araha. Da za a ji shawarata, da kowace shekara kafin damina masu kula da magudana na ƙananan hukumomin da ruwa ɗaya ya ratsa sun zauna tare da masu unguwanni, sun bi kwata daga kanta har wutsiyarta, an san wanda zai yashe kowane sashe da ranar da zai yi. Kano ta nuna amfanin sa rana, Maraɗi ta nuna amfanin tsara wuri kafin gini. Mu kuma muna da gadon kakanninmu, na a tuttula ruwa a ga inda ya faɗi.

Kafin hukuma ta yi nata, akwai abin da ke hannun kowane mai gida. In za ka sayi fili, kada ka tsaya ga ganin rani. Je ka gan shi a watan Agusta, ka kuma tambayi tsofaffin wurin ko da can kududdufi ne ko hanyar ruwa. In za ka yi daɓen siminti, bar wani sashe na tsakar gida ƙasa, ka dasa itace a ciki. Ka tari ruwan rufinka a duro ko tanki, amma ka bar na farko ya wanke kwano ya wuce, ka kuma rufe bakin abin da ka tara saboda sauro. Ruwan wanka a yi masa rami cikin gida, masai kuwa ya yi nesa da rijiya, masana sun ce kamar mita 30 in fili ya ba da hali. Makaniki ya tara baƙin mai a galan. Gayyar yashe kwata a yi ta cikin watan Mayu tun hadari bai haɗu ba, kada kuma a watse sai an kwashe abin da aka fitar.

In kuwa aikin ya fi ƙarfin unguwa, kamar karyayyen kwalbati ko ginin da aka kafa a kan hanyar ruwa, ku taru ku rubuta takarda, ku faɗi wurin da abin da ya faru da kwanan wata, mai unguwa ya sa hannu, a kai wa kansila da ofishin da abin ya shafa, ku riƙe kwafi. Maganar baki iska ke ɗauke ta, takarda kuwa ana iya komawa a nuna ta baɗi.

Kowane ɗayanmu yana gangaren wani, yana kuma tudun wani. Maƙwabcin da shari'a ta ce kada a cuta ya haɗa da mai lambu a bakin Ginzo, da matar da ke jan ruwa a rijiyar ƙauyen da ba mu taɓa zuwa ba, da ɗan'uwanmu na hayin iyaka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrin da ke cikinta, ya kuma sa mu zama maƙwabta nagari, amin.